Naɗin Hanjina da Ninkin Jikana

Duk Garuwa, daga babbar kasuwa har bakin gada, ba wadda ta kai ni iya naɗa hanji. Mijina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, a hannunsa na koya. Sai in yanka tumbi, in naɗe shi da hanji zagaye-zagaye, in jefa cikin romo da citta da masoro. Masu ciki har rigima suke yi a kan tukunyata.

Da autata ta zo gida goyon ciki, ba abin da ke zama a cikinta sai wannan farfesun. Na ce ci, na uwarki ne. Ta ci har ta haihu.

Yaron ya zo lafiya, da kuka kamar mai kiran ciniki. Amma da na sa shi a kwano zan yi masa wanka, sai na ga hannuwansa da ƙafafunsa duk ninki ne, zobe bisa zobe, kamar an ɗaɗɗaure shi da zare. Na ce ƙiba ce, na yi guɗa. Na matsa cinyarsa yadda mahauta ke matsa rago, na ji babu wani kitsen kirki. Na bar wa cikina.

Ranar suna uwar mijin autata ta iso daga Bogo, doguwar mace mai haƙorin Makka. Ta buɗe zani, ta dubi yaron, ta leƙa tukunyata da ke kan wuta, ta sake duban yaron.

"Hajiya," in ji ta, "wannan ai naɗin hannunki ne. Me kika ciyar da yarinyar nan?"

Na ce, "Abin da rabin garin nan suka ci aka haife su."

"To su ba su ci kullum ba."

A gaban mata ta faɗa. Kafin a raba goro magana ta kai kasuwa. Masu ciki suka riƙa wuce ni suna kau da kai, wata har tana rufe cikinta da gyale kada hanjin ya gan shi. Wannan bai dame ni ba kamar autata. Ta daina cin abinci, tana shayarwa tana hawaye, wai kwaɗayinta ne ya ɓata mata ɗa. Nono ya fara ja baya.

Na ce ba za ta saɓu ba. Na tattara su duka, har surukin nawa da uwarsa, muka tafi asibiti.

Likitar wata yarinya ce 'yar ƙabilun kan dutse, Hausarta ta kasuwa. Ta leƙa ganɗar yaron, ta duba kunnuwansa, ta tafa hannu ya zabura. Ta ce abin ba kasafai ake ganinsa ba, ita ma a littafi ta fi saninsa. Wani yaron yakan zo da shi tare da matsalar baki ko jinkirin girma, shi ya sa za a riƙa kawo shi ana dubawa, amma namu ba ta ga komai ba. Ta ce a riƙa shanya ninkin bayan wanka, yawanci yana bajewa in yaro ya tasa.

Na ce, "'Yata, bar wannan. Hanji ne ko ba hanji ba?"

Ta yi dariya har ta dafa tebur. "Mama, ko igiya ta ci ba zai sa haka ba. Tun a halitta ne. Wani a kansa yake farawa, wani gado ne daga uwa ko uba. A danginku akwai wanda aka haifa haka?"

Na ce, "Mu sumul muke zuwa."

Surukina, da bai taɓa ɗaga ido a gabana ba, ya naɗe hannun riga a hankali. Ga wasu layuka siri-siri sun zagaye damtsensa. Ya dubi uwarsa ya ce, "Dada, ba ke kika ce haka nake ina jariri ba?"

"Kai naka ƙoshi ne! Nonona ne!" in ji uwar tasa.

Likitar ta duba ta ce, "Shi ne, Mama."

Autata ta fashe da dariya da kuka a haɗe. A bakin asibitin ta ce yunwa take ji.

Ban bar uwar surukina ta koma Bogo a ranar ba. Na ce inda ta zuba magana nan za ta kwashe. Na riƙe mata mayafi muka bi gidajen matan suna, ɗaya bayan ɗaya. Gidan farko da ƙyar ta buɗe baki. Kafin mu kai ƙarshen layi ta ware, tana cewa, "Jininmu ne, ai mu haka muke haihuwa, likita ma ta ce ba a kowane gida ake samu ba."

Wata mai tsohon ciki ta dube ni ta ce, "To Hajiya, me ake ci a samu irinsa?"

Na ce, "Ki zo gobe da kwanonki, mu gwada."