Tabkin da Ba a Shiga da Ƙafa

Ruwan kwarin Tarka ba ya daɗewa. Yana gudu da damina, sa'an nan ya tsaya tabki-tabki, kuma a shekarun da nake amarya namu kaɗai ke kai bazara. In ya lalace, sai dai mu kwashe bukkoki mu yi kudu, mu bar gonakin da muka share.

Ba a shiga tabkin da ƙafa, mutum ko dabbar gida. Ramuka muke haƙawa a yashin gefe, ruwa ya tsatso a hankali, garau, mu ɗiba da ƙwarya mu zuba a komin shayar da dabbobi. Bakin gabas kuwa na namun daji ne, ko wanki ba a yi can. Da hantsi nakan ga bareyi sun sauko, inuwarsu na rawa a kan ruwa, gauraki na tsaye kamar masu jiran wani.

Wata rana da azahar wani Bafillace ya ɓullo daga arewa, shanunsa sun jiyo ruwa suna sauri. Surukata, wadda nake kira Inna, ta tare su da sanda. Ya gaishe ta, ya ce rabonsu da sha tun shekaranjiya, kuma ruwa na Allah ne. Ta ce ai shi ya sa. In kofato ya dama laka, fitsari ya gauraya, ruwan zai yi kore ya yi wari, namun daji su watse, mu ma mu bi bayansu.

"Inna, ba za su jira ba," in ji shi.

"Kai dai tsare su, ɗan nan. Ɗiba tamu ce."

Ya yi musu magana da harshensa, suka tsaya suna huci. Muka durƙusa. Rami ya ƙafe, mu koma wani, mu dawo mu tarar ya sake tara ruwa, ga sararin sama a cikinsa. Bafillacen ya ce da wannan ƴar ƙwaryar sai damina ta same mu a nan. Inna ta ce to sai ya taya mu shuka.

Hannuwana suka mutu, na daina jin nauyin ƙwarya. Shanun suna zuwa komi ƙungiya-ƙungiya, ƙahoninsu na gilmawa ta kaina kamar rassan itace.

Rana ta yi ja kafin saniyar ƙarshe ta ɗaga baki daga komin. Ko ɗaya ba ta taka tabkin ba. Ya tatso mana madara ya wuce. A nan shamuwa ta same mu shekarar nan.