Ranar da Kwamfuta ta Tona Asirin Baba Ummaru

Har gobe ban manta da ranar da aka gwada kwamfutarmu ta farko a ɗakin kati ba, a ƙarshen mulkin soja. Lokacin ina ƙaramin akawu a wani asibiti nan Sakkwato. Aikinmu, in majinyaci ya zo, mu tono fayil ɗinsa mu kai wa likita. Wanda ya yar da katinsa kuwa sai ya wuni a benci.

Da aka kawo na'urar, murna kamar mu taka rawa. Har takalmi muke cirewa kafin mu shiga wurinta. Ni da Madam Rifkatu, mai buga tafireta daga unguwar Gawon Nama, muka yi ta zuba mata sunayen majinyata da ciwonsu. Oga ya ce wani Kanar zai zo dubawa, in ba ta yi aiki ba ma'aikatar lafiya za ta ɗauke abarta.

Kanar na shigowa ya nuna wani tsoho a layi. Baba Ummaru ne, wani baduku da kowa ya sani a Ƙofar Dundaye, ga shi ya yar da kati. Na buga sunansa. Kafin in ɗaga yatsa, ga bayaninsa ya fito!

Madam Rifkatu ta yi tsalle ta rangaɗa guɗa, oga ya rungume masinjanmu. Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, ina tas san ni?"

Kanar ya duƙa yana karantawa da ƙarfi, cikin jin daɗi: suna, unguwa, sannan "basur". Duk layi aka juyo ana kallon Baba.

Baba ya gyara hula ya ce, "Ranka shi daɗe, ko iyalina ban gaya ma ba. Wagga aba ta hi kowa gulma!"

Kanar ya yi dariya har da hawaye, sannan ya cire hularsa ya ba Baba haƙuri. Na'ura ta zauna, Baba ya ga likita kafin azahar.

Suna fita Madam ta ce mini, "Bello, kama nan." Muka juya fuskar kwamfutar ta kalli bango. Ku da kuke aiki da kwamfutoci yanzu a kowane ɗaki, ku riƙe wannan: nemo fayil da sauri rabin aikinmu ne, sauran rabin rufa wa mai shi asiri.