Na'Allah Baduku da Keken Surukinsa

A Ƙofar Kware, in an ce Na'Allah, baduku ake nufi. Mutum ne gajere, mai kaurin yatsu, ba ya son a koya masa aikinsa, kuma a gaskiya babu mai koya masa. Dukanci ya gada wajen ubansa: kuben takobi, mariƙin bulala, kayan sirdi, duka da jar fatar akuyar nan ta Sakkwato. Sirrin gidansu shi ne su ɗinka fata tana da danshi, in ta bushe sai ta kama abin da aka naɗe gam, ko tsinke ba ya shiga tsakani.

Sai dai ya zo a ƙarshen zamani. Tun da Nasara suka zauna aka rataye takubba, masu sayen kube suka yi ta raguwa. Shekara ashirin da wani abu bayan haka, Na'Allah ya koma ɗinkin takalma da gidan laya, yana yi yana tsaki.

Ana nan sai Yari, mijin 'yarsa Sadiyatu, ya sami aikin masinja a wani ofis, aka ba shi keke ya riƙa kai saƙo Wamakko da ƙauyukan ƙetaren gulbi. Ba irin keken kowa ba ne, mai giya uku ne. Akwai ɗan hannu a jikin ƙarfen tsakiya, siririyar waya ta bi ƙarfen tsirara har ƙafar baya. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya a sa giya mai nauyi, in an zo tudu a ja hannun, feda ta yi laushi.

Na'Allah bai ga giya ba. Abin da ya gani dabba ce sabuwa wadda ba a yi wa kaya ba, kuma zuciyarsa ta ba shi cewa ga inda dukancin gidansu zai sake tsayawa da ƙafarsa. Ya sa aka kawo masa keken. Ya zaɓi fata mafi kyau a rumfarsa, ya jiƙa ta, ya naɗe ƙarfen tsakiya tun daga wuya har gindin sirdi. Wayar nan da ta tsaya masa a hanya, ya ga muninta, sai ya haɗa ta da ƙarfen ya rufe su tare. Ya yi zane, ya saki tuntaye. Duk wanda ya gani sai ya tsaya, har wani falke ya ce in ya sayi nasa nan zai kawo.

Fata ta bushe, ta yi abin da aka san ta da shi. Ta shaƙe wayar, giya ta maƙale a mai nauyi.

To, wanda ya san garin ya san daga bakin gulbi zuwa Ƙofar Kware hawa ne. Kullum da la'asar Na'Allah na zaune a rumfa sai ya hango Yari tun daga can ƙasa yana turo keke, gumi sharkaf. Ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya wuce. Daɗi ya cika tsohon. Ya riƙa ce wa maƙwabta su dubi ladabi, yaron da ke sauka tun daga gindin tudu don kada ya wuce surukinsa a kan sirdi. Maƙwabta suka ce lallai ya yi dacen suruki.

Shi kuwa Yari, da ya buɗe baki ya ce wa uban matarsa aikinsa ya ɓata keke, gara ya ɗauki keken a ka. Bai ko iya sa wuƙa ya yanke da kansa ba, don gobe tsohon zai gani. Ya gaya wa Sadiyatu, ita kuma ta kai wa uwarta Iyatu, Iyatu ta yi ta juya maganar a ciki har ranar da ta kawo wa mai gidan fura.

"Malam, yaron ga aikinai na shirin kuɓuce mashi," in ji ta.

"Mi yay yi?"

"Kullum a makare shika kai saƙo. An ce in ya ƙara, a amshe keken a ba wani."

"Ƙarya ta! Yaro mai ladabi haka?"

"Ba ladabi na ba, Malam. Keken na ba ya hawa tudu." Ta kawar da kai. "Tun randa anka yi mashi riga."

Na'Allah ya ajiye ludayi. Da farko fushi ya ji, ya so ya ce ƙarfen Nasara ne ba shi da asali. Amma ya tuna yadda ya ja zaren nan da ƙarfinsa a kan wayar, ya tuna yabon da ya yi ta yi a bainar jama'a yaro na fama, sai kunya ta rufe shi. Bai sha furar ba.

Washegari Juma'a ce. Ya ce wa Iyatu ta aika a kawo keken, fatar na son a shafa mata mai.

Ya rataye shi a rumfa da igiya, ya tura ɗan hannun, ya ƙi motsi. Ya daɗe yana shafa zanen da yatsa, don shi kansa ya san bai taɓa aiki mai kyan wannan ba. Sannan ya ɗauki wuƙa ya bi ɗinkin. Fatar ta faɗo a murɗe, da shatin waya a cikinta.

Aiki bai ƙare ba. Yari ya sha jan hannun da ƙarfi, wayar ta saki. Na'Allah ya juya feda da hannu, ya ji tana kamawa tana kuɓucewa. Ya bi wayar da ido har inda ta haɗu da wata 'yar sarƙa mai shiga cibiyar ƙafar baya, ya ga wani dogon noti a mahaɗar. Ya murɗa shi sosai, feda ta yi ta juyawa a banza, ƙafa ko gezau. Ya ɗauka ya ƙarasa lalata keken. Can ya ce a ransa ai waya ma zare ce, in ta yi tauri ta ɓata, in ta yi sako-sako ta ɓata. Ya mayar da notin kaɗan-kaɗan, ya juya feda, ya kasa kunne, ya sake. Har aka fara kiran salla yana abu ɗaya, kafin giyar ta riƙa faɗawa ɗaya bayan ɗaya ba gardama.

Da aka sauko masallaci Yari ya zo, ya tuɓe takalma ya durƙusa. Ya ga ƙarfe tsirara, ya ga fatar a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau. Hwatar ga ba ta yi mani ba, na cire. Gangara ka hawo in gani."

"A gabanka, Baba?"

"Ni nac ce."

Yari ya tura keken har ƙasa, ya hau. Na'Allah ya ga ya miƙa hannu ya ja giyar, ƙafafunsa suka yi sauri, ya hawo tudun a zaune, ya wuce rumfar, kansa a duƙe.

Aikin Yari ya tsira, ya yi shekaru yana kai saƙo. Falken nan kuwa da ya sayi kekensa ya kawo kamar yadda ya ce, da murnarsa, yana son irin waccan rigar. Na'Allah ya dubi keken, ya san wannan ne aikin da ya yi shekaru yana jira. Amma ya ce masa ya kai abinsa gida, keken ba ya buƙatar komai. In takalmi yake so, ya miƙo ƙafa a gwada.