Ranar da Na Faɗi Sunan Ɗan Farina a Misira

Mu shida ne a ɗan ɗakin nan ranar: ni, da jikokina biyu, namiji ɗan shekara biyar da ƙanwarsa mai uku, da wani jami'i Balarabe mai gashin baki, da abokiyar aikinsa mace, sai wata Hajiya 'yar kasuwa mutuniyar Kano mai jin Larabci, wadda Allah ya haɗa mu a jirgi. Ni kuwa a lokacin tsohuwa ce da duk unguwarmu a Zurmi ake shakka. Ban yi boko ba, wannan ma maƙwabciyata ce ke rubuta mini. Amma yaro ba ya gitta ƙofata da hula a karkace, kuma matan ƙannena in sun ji tarina sai su gyara ɗankwali. Ina taƙama da cewa ban taɓa sakin al'adar da uwata ta ɗora ni a kai ba tun muna Shinkafi.

Shekarun da anka fara shari'a ne ɗan farina ya samu tafiya karatun alƙalanci a Misira. Ya tafi da matarsa, sunka bar mini yaran. Da zama ya yi zama sai ya aiko a kai masa su. Ƙanena ne zai raka mu, amma takardarsa ba ta fito ba, tamu ta fito. Dangi sunka taru, kowa na cewa a fasa. Na ce da su macen da ta haifi tara a ɗaki ba asibiti, ba kujerar ƙarfe za ta tsorata ta ba. Ƙanen nawa ya kai mu Ƙaura, munka bi ta Gusau har Kano, ya tsaya bayan gilashi yana ɗaga hannu awa wanda ya yi rakiyar gawa.

Jirgin da na sani shi ne na ƙasa da ke tsayawa Ƙaura, wanda in zafi ya dame ka sai ka leƙa taga. Wannan kuwa ko tagar ba ta buɗuwa. Da shigata na tambayi yarinyar da ke nuna wa mutane wuri ina ɓangaren mata, don a gida lokacin har motar haya an raba. Ta yi dariya ta nuna mini kujera kusa da wani ƙato. Na tsaya ƙyam da goyo a bayana, na ce ba ni zama. Hajiyar nan ta Kano ce ta taso ta yi musanya da shi, ta kuma ce in sauke goyon don a ɗaure mu da ɗamara. Da jirgin ya zabura na riƙe kan yaran ina salati, sai namijin ya leƙo fuskata ya ce wai ashe matarsa matsoraciya ce, in mun sauka sakina zai yi. Na ce ya sake ni mana, wa zai ba shi fura a sama? Kunnen ƙaramar ya toshe tana kuka, na ba ta dakuwa ta tsotsa har ta yi barci. Aka kawo abinci a 'yan kwanoni, na shinshina na rufe, na kwance ƙullin ƙuli-ƙulina, har ƙaton nan sai da ya miƙo hannu. Ban ɓoye muku ba, na ji daɗin tafiyar. Na ga gajimare a ƙarƙashina kamar an baza auduga a kasuwar Moriki.

A wurin duba fasfo ne abin ya tsaya. Jami'in ya buɗe na namijin, ya kira sunan da ke ciki. Yaro ko waiwaye. Ya kira na macen, ita ma tana wasa da bakin zanena. To ina za su sani? Namijin sunan marigayi maigidana ya ci, tun ran suna Ango nake ce masa, gida duk anka ɗauka. Macen kuwa sunan uwata gare ta, Inna muke kiranta. Sai anka wuce da mu ɗakin nan, anka roƙi Hajiya ta yi tafinta. Sunka tambayi yaron wace ce ni a wurinsa. Ya buɗe baki ya ce matarsa ce, kuma ya kusa sakina. Sunka tambayi yarinyar, ta ce ɗiyarta ce ni, ita ta haife ni. Hajiya ta dafe kai tana dariya, tana ƙoƙarin yi musu bayanin wasan jika da kaka, amma mai gashin bakin nan bai yi dariya ba.

Ya juyo kaina ya ce in faɗi sunan yaran da na ubansu. Sunaye uku, kuma duk duniya babu waɗanda bakina bai taɓa furtawa ba sai su: na mijina, na uwata, da na ɗan farina. Na ce da Hajiya ta gaya masa ai yana gani a rubuce, ya karanta abinsa. Ta ce daga bakina yake son ji. Na ce uban yaran shi ne wancan, mai karatun nan, yayan su wane. Ta ce da ni nan ba Zurmi ba ne, wancan ba suna ba ne. Na ce to ita ta faɗa. Ta ce ita ba ita ta zo da ɗiyan mutane ba. Na ja bakina na tsuke, ina ganin ai mutunci nake karewa. Yanzu na san mutanen nan aikinsu suke yi, don ana satar yara a ƙetare da su, kuma tsohuwar da ba ta san sunan ɗiyan da ke hannunta ba dole a tsaya a dube ta.

Sai jami'ar ta matso ta kama hannun ƙaramar. Hajiya ta daina dariya. Ta ce za a kai yaran wani wuri a ajiye har a bincika, ni kuma wataƙila a mayar da ni Kano a jirgin da ya kawo ni. Yarinyar ta ƙanƙame ƙafata tana kiran ɗiyata, ɗiyata. Namijin da ke cika baki ya matso ya riƙe mini zane. Nan na ji wani abu ya karye a ƙirjina. Na ja mayafi na rufe fuskata, na faɗi sunan uwata, na faɗi na maigidana. Da na zo kan na ukun na faɗe shi ƙasa-ƙasa, jami'in ya ce bai ji ba. Haushi ya kama ni, na yaye mayafin na ƙwala shi da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga gona.

Sai na ji an amsa da na'am daga bayan ƙofa. Ashe tun ɗazu sun nemo ɗan nawa cikin masu tarbar baƙi sun zaunar da shi a ɗakin da ke jikin namu. Ya shigo ya durƙusa a gabana, gemu ya cika masa fuska, yana dariya hawaye na zuba. Ya ce shi dai yau ya san ban manta ba, da yana zaton tun ran suna sunan ya ɓace mini. Na kau da kai na ce ya tashi ya ba mutane wuri, kuma wa ya ce ya rame haka, ko babu dawa a garin? Yaran sunka ɓuya a bayana suna leƙen shi, kafin ƙaramar ta je ta ja gemun. Mai gashin baki da anka fassara masa komai ya yi ta girgiza kai yana dariya, ya sa anka kawo mana shayi a 'yan kofunan gilashi. Na sha, ya yi zaƙi da yawa, amma na shanye.

Ban ce a bar kunya ba, har gobe ba ni kiran sunan nan a banza. Amma 'yan'uwana tsofaffi, duk wadda za ta fita ƙasa da jikoki ta sani can ba a san alkunya ba, kuma taurin kaina ya kusa raba ni da amanar da anka ba ni. Ku sa a koya wa yara sunansu na yanka da na ubansu tun kafin a bar gida.

Washegari da safe, bayan mun karya, na zaunar da yaran a tabarma na ce uwarsu ta koya musu sunan ubansu. Ta sunkuyar da kai ta ce ai ita ma ba ta iya faɗa. Sai na sa shi da kansa, mai shirin zama alƙali, ya tsaya a tsakar ɗaki yana faɗin sunansa suna maimaitawa. Ni kuwa na juya musu baya na fuskanci taga, na ce ya ƙara ɗaga murya, yaran ba su ji ba.