Fasuma, Na Tsaya a Huɗu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Fasuma ta rasu.

Da safen nan ina wanke kayan injin tatsar nono, hannuna duk kumfa, waya ta yi ƙara. Ƙanwarta ce. Ta ce, "Yaya Balki, sai haƙuri, Yaya Fasuma ta cika." Na ce wace Fasuma? Kamar ina da su goma.

Zazzaɓin kwana uku, shi ke nan.

An kai ta kafin azahar. Tun da na dawo nake ganin kuna ta ɗora hotonta, kowa na cewa ƙawata, aminiyata, mai kirki. Duk gaskiya ne. Amma bari in faɗi abin da ba wanda zai faɗa: tun ranar da na san Fasuma nake kishinta, kuma ta sani.

Tare muka yi makarantar horon malamai a nan Damagaram. Ita ta ɗaya, ni ta biyu, in na yi sake ta uku. Tare aka tura mu koyarwa Mirriya, ajina jikin ajinta, mota ɗaya muke shiga da safe mu dawo da la'asar. Yaran ajinta da gudu suke tarbar jakarta, nawa sai na daka tsawa. Ko lalle muka ƙunsa tare, nata ya fi kamawa.

Har haihuwa ba ta bar ni na yi ni kaɗai ba. Na haifi Nana ranar Talata, ta haifi Habibu ranar Juma'a. Nata ya zo ɓul-ɓul, tawa 'yar firit. Nononta har jiƙa riga yake, ni kuwa na sha kunun kanwa har na gaji, sai dai a hankali.

Da konjen haihuwa, wato hutun da aka ba mu, ya kusa ƙarewa, damuwarmu ɗaya: mu muna Mirriya tun safe, jarirai suna gida. Fasuma ta sayi injin tatsa ɗan ƙarami, mai batir, wanda ake cajawa a jefa cikin jaka. Ta kira ni ta ce, "Balki, zo in raka ki ki zaɓi naki. Abin da girma-girma yake, sai an duba wanda ya dace da ke."

Na ce ai na riga na sa a kawo min.

Ƙarya nake. A ranar na kira wata mai sarin kaya daga Kano na ce ta kawo min wanda ya fi na kowa girma.

Ya iso, mai baki biyu, da fitilu, kwalinsa kamar na talabijin. Na ɗora hotonsa a status, kuma Allah ya sani don mutum ɗaya na ɗora. Ta rubuto, "Masha Allah, ya yi kyau. Da batir?"

Na kife wayar.

Ba shi da batir. Sai an jona shi da kuran, wato wutar lantarki. Ajinmu na Mirriya ko wayar kuran babu, na gida kuwa kun san halinsa, ya zo ya gaishe ka ya wuce.

In aka kawo kuran sai in yi sauri in murɗe injin har ƙarshe, a tunanina ƙarfi shi ke kawo yawa. Mazurarin da ake kafawa a nono ya yi min faɗi, ni ban sani ba. Kan nonona ya tsage. Ina cije leɓe ina hawaye, abin da ke sauka ko gindin kwalba ba ya rufewa.

Ita kuwa da an fita shan iska sai ta shige ɗakin ajiyar littattafai. Kafin a kaɗa ƙararrawa ta fito da kwalba biyu cike, ta rubuta lokaci a jikinsu, ta sa cikin 'yar kularta mai ƙanƙara. Wata rana a gaban malamai na ce, "Ga Nagge ta fito daga tatsa." Aka kwashe da dariya. Ita ta fi kowa dariya. Ta ce, "Nagge dai, Allah ya ƙaro ciyawa."

Kun ga irin abin da ke ƙona min rai. Ko zagi ba ya kama ta.

A gida uwar mijina, Inna, ta fara cewa nonona ne ba shi da kyau. Har ta ce a tatsa a ludayi a jefa tururuwa a gani, in ta mutu a yaye yarinya a koma koko. Yarinyar da ba ta cika wata uku ba. Ina ji ina gani za a raba ni da shayar da 'yata, amma girman kai ya hana ni buɗe baki in tambayi wadda ke zaune kusa da ni a mota kullum.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka je awo, unguwarzoma ta ɗora Nana a sikeli, ta dubi kati, ta dube ni, ta ce, "Madam, yarinyar nan baya take yi." Fasuma tana bayana a layi.

Da la'asar sai ga ta a gidana, Habibu a goye. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Da ta faɗa da na samu abin riƙewa.

Ta juya mazurarin nawa a hannu ta ce, "Balki, wannan ai takalmin wani kika sa." Ta fito da sabo, ƙarami, da ta sayo min a hanya, ta jona da nata injin. Ta sa na wanke hannu, ta gasa min da tsumma mai ɗumi, ta ɗora min rigar Nana a kafaɗa don in ji ƙamshinta. Ta kunna a mafi ƙanƙantar ƙarfi.

Ta ce, "Nono ba guga ba ne da za ki ja da ƙarfi. Lallashinsa ake yi."

Sai ga shi yana sauka.

Na yi kuka, kuma ba duka na murna ba ne.

Ita ta shiga wajen Inna ta durƙusa, ta yi ta "Inna, ki yi mana haƙurin sati biyu," har tsohuwa ta bar zancen tururuwa. Ita ta nuna mata kada a ɗora nonon a wuta, a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi. Daga ranar injinta ya zama namu, kowa da mazurarinta, muna karɓa-karɓa a ɗakin littattafai.

Amma ciwona sai ya ɗauki kwanaki kafin ya warke, Nana kuma yunwa take ji a ranar. Fasuma ta buɗe kula ta fito da kwalba ɗaya ta nononta. Ta ce, "Kafin naki ya dawo. Ki tambayi babanta tukuna." Na tambaye shi, ya ce Allah ya saka mata da alheri. Nana ta shanye tas, ta yi barcin da ban taɓa ganin ta yi ba.

To ga inda nake so ku saurare ni.

Na taɓa ji a wani saƙon murya na WhatsApp cewa sai yaro ya sha nonon mace sau biyar take zama uwarsa ta shayarwa. Sai na fara ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Da ta miƙo min ta biyar na ce, "Bar shi, nawa ya wadata."

Bai wadata ba. Kwana biyu Nana tana kuka tana tsotsar hannu, ina jijjiga ta ina ce wa kaina: ta fi ni a aji, ta fi ni a komai, amma ba za ta zama uwar 'yata ba.

Allah ya rufa asiri, nonon ya dawo, Nana ta murmure. Yanzu wata bakwai, kumatu har sun rufe wuya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Juma'a ce, a motar dawowa daga Mirriya. Ta jingina kai da taga tana cewa kanta na sarawa. Can ta ce, "Yaushe za ki kawo min 'yata ta wuni?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "'Yarki? Ai huɗu ta sha, ba ta kai biyar ba."

Ta ɗago ta dube ni. Sai ta fashe da dariya har tana dafe kai.

"Ashe ƙirgawa kike yi? Kai, Balki! Mu nan Malikiyya muke bi. Ko kurɓa ɗaya ta shiga cikin jariri, magana ta ƙare. Tun kwalbar farko Nana 'yata ce."

Ta mayar da kanta jikin taga, ta ce a hankali, "Da kin tambaye ni, da kin bar yarinya ta ƙoshi."

Babu faɗa a muryarta. Muka sauka a tasha, ta ce, "Sai Litinin." Ban ba ta haƙuri ba. Washegari ma malamin unguwarmu na je na tambaya, ko zan kama ta da kuskure sau ɗaya a rayuwa. Ya ce gaskiyarta.

Yau a gidan rasuwa, mata cike da tsakar gida, muryar Habibu ta fi ta kowa. Tun jiya ya ƙi madarar gwangwani, ana ba shi yana furzarwa. Mahaifiyar Fasuma tana ta zagaye da shi, idonta ya kumbura. Na ce, "Mama, kawo shi."

Na shiga ɗakinta na zauna a bakin gadonta. Ya kama, ya ɗago ya dubi fuskata, ya saki ya tsala ihu. Ko shi ya san ba ita ba ce. Sai da yunwa ta ci ƙarfinsa ya sake kamawa.

Na gaya wa Mama kullum kafin in shiga motar Mirriya zan ajiye masa kwalba, in na dawo in biyo in shayar da shi. Baban Nana ya amince. Ban san ko zan iya ba. Ni ce fa wadda nonon yaro ɗaya ma ya so ya gagare ta.

Fasuma, har yau ina kishinki. Na ga jama'ar da ta raka ki, na ji abin da ake faɗa a kanki, na tambayi kaina wa zai faɗi rabinsa a kaina. Ki yafe min Nagge. Ki yafe min kwalba ta biyar.

Ya Allah ka jiƙan Fasuma, ka yalwata kabarinta, ka shayar da ita daga ƙoramun Aljanna kamar yadda ta shayar da 'yar da ba ta haifa ba. Ka raya Habibu, ka ba iyayenta da mijinta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ni kuma ku roƙa min Allah ya sa nonon nan ya ishi yara biyu.