Karen da Bai San Hannuna Ba

Shekarun baya, lokacin ina gadin wani hoshin tumaki, wato garke mai katanga, a bayan garin Makka, ta hanyar Lis, na yi zama da wani kare da ya kusa raba ni da abincina. Jiya wani ya tambaye ni a nan me ya sa ba na sakin jiki da mutum mai yawan fara'a. Shi ya tuno mini.

Hoshin na kafilina ne, wato mutumin da iƙamata, takardar zamana a ƙasar, take hannunsa. Jikan Hausawa ne, haifaffen unguwar Rusaifa. Hausar tasa rabi Larabci ce, amma in zai yi maka faɗa ba ya rasa kalma. An yi mana satar raguna har sau biyu, kuma duk ranar Juma'a, bayan na tafi masallaci. Bai ce ni na sata ba. Ya dai dube ni, irin duban da gara a zage ka. Ba a jima ba sai ga shi da kare a bayan mota, ja, mai dogayen ƙafafu, wai daga yau ga abokin aikina.

Ban taɓa ganin dabba mai rawar kai irin wannan ba. Leda ta tashi, ya bi. Tantabara ta sauka, ya bi. Tumakin da aka kawo shi ya tsare, su ya fi kora, har wata tunkiya mai ciki ta yi ɓari saboda shi. Da kafilina ya ji, ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ko motar bai kashe ba.

"Ya ammi, na sa ku a ajin horo, kai da shi. Kafin ragunan Hajji su iso, ko karen nan ya ji magana, ko in ba kamfani gadin. Halas."

Bai ambaci iƙamata ba. Ba sai ya ambata ba. Lokacin sabunta ta ya matso, ga matata da yara a ɗaki guda a unguwar Mansur.

Haka aka kai ni makarantar karnuka da furfura a gemu, ni da ko firamare ban gama ba. Duk Asabar bayan la'asar ake yi, a wani gidan gona ta wajen hanyar Jidda. Akwai 'ya'yan masu hali da karnukansu masu ƙamshin sabulu, akwai irina da iyayen gidansu suka turo. Mai horon wani matashi ne da jakar nama a ƙugu. Sai ya jera mu, kowa ya zaunar da karensa, shi kuma ya bi ta gabanmu yana buga ƙwallo, ko yana jan buhu a ƙasa, wani lokaci har da ɗan akuya. Karen da ya zauna bai motsa ba, mai shi ya ba shi nama. Nawa kuwa ko buhun bai iso ba ya fizge. Ranar farko da ciki ya ja ni a ƙasa, aka yi ta dariya.

Mai horon kullum maganarsa ɗaya ce, a hannu ake ba kare. Ni kuwa a garinmu ba a miƙa wa kare abinci, jefa masa ake yi. Kuma jallabiya ɗaya gare ni a wurin aiki, da ita nake salla. Ina ni ina yawun kare? Sai in ce masa "zauna", in wurga naman can nesa don kada ya raɓe ni. In mai horon ya yi magana in gyaɗa kai. A raina na riga na yanke cewa so yake ya ja makonni ya ci gaba da tatsar kafilina.

A cikin ajin akwai wani Bahaushe, da jin bakinsa ka san ɗan wajen Maraɗi ne. Yana zuwa da wata baƙar karya mai natsuwa kamar an ba ta magani. Tun ranar farko ya manne mini. Ga gaisuwa, ga murmushi, ga tambayoyi. Ina hoshin naku yake? Kai kaɗai kake gadi? Da nisa tsakaninku da masallacin Juma'a? Yana tambaya yana zaro busasshiyar hanta daga aljihu, yana buɗe wa karena tafin hannu. Wallahi karen da ya ja ni a ƙasa, gaban mutumin nan sai ya zauna kamar ɗalibi.

Na faɗa wa matata. Ta ce ni dai kowa ɓarawo ne a wurina, mutum ya ga ɗan'uwansa a ƙasar mutane ba zai gaishe shi ba? Na ce mata gaisuwa daban, tambayar masallacin Juma'a daban. Wanda ya sace ragunan nan ya san lokacin fitata. Da Asabar ta zagayo ya sake tambaya, na ce masa hoshinmu yana can hanyar Ɗa'ifa. Gabas ke nan, mu kuma muna kudu.

A ranar ne, bayan karen ya sake kunyata ni, ya matso ya rage murya.

"Ɗan'uwa, kada ka ji haushina. Karenka bai san hannunka ba. Duk sa'ad da ka buɗe baki, nama can nesa yake faɗuwa. To mi zai sa shi zamna kusa gare ka? Kai ka koya mishi gudu."

Na ce masa na gode, fuskata a ɗaure. Na san gaskiya ya faɗa, amma ba gaskiyar ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, karen bai san hannuna ba, amma ya san nasa. In mutumin nan ya zo hoshi ba na nan, karen da aka kawo don gadi shi zai raka shi har cikin garke.

To ba don ƙauna na fara ba karen abinci a hannu ba, kada wani ya ce zuciyata ce ta yi laushi. Tsoro ne. Na samo wata tsohuwar riga ta aiki, na rataye jallabiyar salla a ƙusa, na ajiye jarkar ruwa da ƙasa mai tsarki kusa da ƙofa. Ranar da harshensa ya fara taɓa tafin hannuna, sai da na wanke hannun har ya yi fari. Washegari na sake. Na daina zuba masa komai a ƙasa, duk abin da zai ci sai ya zauna ya karɓa daga wurina. Matata ta ce ina warin kare, in na zo Mansur sai na yi wanka kafin in zauna kan tabarmarta. A hankali na lura in leda ta tashi, sai ya fara waiwayo ya dubi fuskata kafin ya yanke shawara.

Ranar gwaji ta ƙarshe kafilina ya zo da kansa, ya tsaya gefe yana ɗauka da waya. Mai horon ya ce yana son mutum ɗaya ya zo ya ja hankalin karnukan. Kafin ya rufe baki, mutumin Maraɗin nan ya ɗaga hannu. Na ce a raina, ai dama. Ya bi layi yana fito, hanta a hannu. Da ya iso gabanmu ya ɗan tsaya, ya tsuguna, ya kira karen da irin muryar da ya saba. Karen ya hau rawar jiki, yana ƙaramin kuka, gindinsa ya ɗaga daga ƙasa. Na ji igiyar tana miƙewa a hannuna, na hango iƙamata tana tafiya tare da ita.

Na ce, "Zauna."

Ya dubi hantar, ya dubi hannuna. Ya zauna.

Kafilina ya sauke waya ya ce "ɗayyib", ya je ya gaisa da mutane, ya shiga mota. Godiyar ke nan. Amma an sabunta iƙamar, kuma ba a kira kamfani ba.

Raguna suka iso, hoshi ya cika. Ana gab da hawan Arfa, duk 'yan'uwanmu sun watse Mina aikin dako, bayan gari ya yi tsit. Ranar Juma'a na cire rigar aiki, na sa jallabiya, ina neman makulli, sai na ji mota ta tsaya. Buɗaɗɗiya ce, irin ta ɗaukar dabbobi. Mutumin Maraɗin nan ne ya fito, da murmushinsa.

"A'a, ɗan'uwa, ashe ba ka tafi masallaci ba tukuna?"

Karen bai yi haushi ko sau ɗaya ba. Sai kaɗa wutsiya. Amma bai je wurinsa ba, ya zo ya zauna jikin ƙafata, har ya shafa mini jallabiyar da na yi ta karewa. Ban ture shi ba.

Mutumin ya ce ragon layya ya zo saye. Ya zaɓa, bai yi ciniki ba, na taya shi ɗorawa, ya yi sallama. Ranar a hoshi na yi azahar, Allah ya yafe mini.

Ban sake ganinsa ba, kuma ba a sake satar rago ba. Karen ya daɗe tare da ni har ya tsufa, ni na haƙa masa rami a bayan katanga. Matata har gobe tana cewa na ɗauki alhakin bawan Allah, wataƙila ranar gwaji ya tambayi kafilina hanya. Zai yiwu. Ban tambaya ba, don ba na son a ce mini na yi hauka. In mai gaskiya ne, to shi ya koya mini abin da ya riƙe mini aikina, kuma ina roƙon ya yafe mini duk inda yake.

Ni dai abin da na sani, hanyar Ɗa'ifa na kwatanta masa.