Abdul-Fatawu, Wanda Ya Zaɓa Mini Mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar azahar, Sualah ya buga mini waya ya ce yayansa Abdul-Fatawu ya cika. Ciwon ƙirji ne na kwana biyu. Yana da shekara hamsin da uku.

Abdul-Fatawu, shekara tara kana gadin benen da nake zaune a unguwar Al Nahda, nan Dubai. Kafin nan bakanike ne kai a Kumasi. Kowane azumi tare muke buɗe-baki, ka kawo kokonku na Zango, in kawo ƙosan Turai matata. Da Turai ta kwanta asibiti, kai ka yi ta kai mata abinci ina ofis.

Sai tsufa ya zo mini da rigima. Ni da ban taɓa riƙe sitiyari a Kano ba, ina da shekara sittin na ce sai na yi tuƙi. Sau huɗu ina faɗuwa gwaji, a na biyar aka ba ni lasin, ina jin don an gaji da ganin fuskata. Ka sadaukar da ranar hutunka ka raka ni kasuwar motocin hannu ta Sharjah.

Lokacin wata biyu ke nan da ambaliyar ruwan saman da ta cinye tituna da motoci a garin nan. Idona ya faɗa kan wata baƙar mota doguwa, tana sheƙi, ga araha kamar kyauta. Kai kuwa ko injin ba ka buɗe ba. Ka durƙusa, ka ɗaga kafet, ka cusa kai ƙarƙashin kujera kana sansanawa. Dillali na ta cewa, "Habibi, sabuwa ce, khalas, magana ta ƙare!"

A daidai nan Idris, abokin aikina ɗan Kano, ya ɓullo cikin farar shadda. Ya dubi ƙafafunka da ke waje, ya ce, "Alhaji, wannan fa?"

Na ce, "Yarona ne."

Haka na ce. Mutum mai furfura, mai 'ya'ya huɗu, wanda nake ci tare da shi a kwano ɗaya.

Ka fito da busasshiyar laka a yatsa, ka ce, "Wannan ta yi wanka, Baba. Fenti ba ya ɓoye wari." Ka ja ni ƙarshen layi wurin wata farar ƙaramar mota mai tabo a ƙofa. Ka sa aka kunna na'urar sanyi muka tsaya rabin awa cikin rana, ka ce wadda aka ƙera don zafin ƙasar nan ake nema, kuma sabon direba ya sayi wadda in ya goga ta a bango ba zai yi kuka ba. Na goga ta sau uku, ban yi ba.

Muna komawa gida, ina riƙe da sitiyari kamar zai gudu, ka ce, "Baba, yaronka ya ce ka saki birki kaɗan, na baya suna zaginmu." Ka yi dariya. Ashe ka ji. Nan ne wurin neman gafara, ni kuwa sai na taya ka dariyar. Juma'a shida kana zama gefena kana koya mini shataletale, kowace Juma'a ina cewa yau zan roƙe ka, har Juma'o'in suka ƙare.

Ban gama ba. A maƙabarta Idris ya kama hannuna ya ce, "Allah ya jiƙan yaronka." Mutane na tsaye. Na ce amin.

To, Idris, da duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ku ji: ƙarya na yi. Abdul-Fatawu ba yarona ba ne. Aminina ne, malamina ne, kuma ya fi ni.

Malama Kulsum mai ɗakinsa, ke da 'yarku Fatimah da ƙannenta a Kumasi, da kai Sualah, ina muku ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Shi ba ya nan balle in roƙe shi, don haka ku nake roƙo ku yafe mini.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Abdul-Fatawu, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ya rufa mini asiri yana raye, ka rufa masa nasa ranar tsayuwa. Amin.

Alhaji Salmanu, Al Nahda, Dubai